KARUWA KO BAIWA? BASHI DA RANTSUWA A FATAUCIN MATAN NIJERIYA



GABATARWA

A cikin watan Nuwamba na shekarar 2017, wani jirgin ruwan sojan ƙasar Sifen ya shiga tashar Salerno da ke kudancin Italiya ɗauke da gawawwakin 'yan mata 26 waɗanda aka tsamo daga Bahar Rum. Hukumomin Italiya suka bayyana cewa 'yan Nijeriya ne. Ranar da aka binne su, biyu kaɗai aka san sunayensu. Waɗannan 'yan mata ɗigo ne daga cikin wata ambaliya, domin Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya ta lissafa matan Nijeriya 1,454 da suka sauka Italiya ta teku a shekarar 2014, amma a 2016 adadin ya kai 11,009. Hukumar ta yi ƙiyasin cewa kashi 80 cikin ɗari na waɗannan mata an kawo su ne domin a sa su karuwanci.

Manufar wannan lacca ita ce a nuna abin da ke riƙe da irin waɗannan mata, tun da yake ba a ganin mari a ƙafafunsu, a kuma nuna cewa sunan da jama'a ke kiransu da shi yana taimakon mai fataucinsu. Za a fara da ma'anar wasu kalmomin Hausa, sa'an nan a bi cinikin daga mafarinsa a birnin Benin, a biyo hanyar da ta ratsa ƙasar Hausa, daga ƙarshe a duba abin da doka ta tanada da abin da ya rataya a wuyan ɗalibi da ma'aikaci.

MA'ANAR KALMOMI

A wurin Bahaushe, karuwa ita ce baligar macen da ba ta ƙarƙashin miji ko iyaye, tana zaune a gidan mata, tana karɓar abin hannun mazan da ke nemanta. Idan an so a sakaya sai a ce mata mai zaman kanta. Manazarta irin su Abner Cohen, wanda ya yi bincike a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, da Renee Pittin, wadda ta yi nata a Katsina a shekarun 1970, sun nuna cewa yawancin waɗannan mata sukan shiga wannan zama ne bayan mutuwar aure, su kuma fita daga cikinsa ta hanyar wani auren. Magajiya tana shugabancinsu, tana sasanta rigimarsu, tana tsaya musu a gaban hukuma, amma ba ta mallake su ba.

Addini da al'ada duk sun ƙyamaci wannan zama, kuma ba a kawo shi nan don a yaba shi ba. An kawo shi ne don a lura da abubuwa uku da ke tattare da shi: kuɗin da karuwa ta samu nata ne, tana iya korar namijin da ba ta so, kuma ranar da ta ga dama tana iya ɗaure kayanta ta tashi. To, yarinyar da aka kai Turin ko Palermo ba ta da ko ɗaya daga cikin ukun nan. Hausa tana da sunan macen da wani ke cin guminta, wadda ba ta da ikon cewa a'a, ba ta kuma da ikon tafiya. Sunanta baiwa.

Akwai kuma wasu kalmomi biyu na zamanin bauta waɗanda suka cancanci a tuna da su, watau murgu da fansa. Murgu shi ne abin da bawa ke biyan ubangijinsa lokaci-lokaci domin a bar shi ya yi sana'ar kansa. Fansa kuwa ita ce kuɗin da aka yanka masa, wanda idan ya biya ya zama ɗa. Bayan da Lugga ya yi shelar dokar bauta a 1901, ta wannan hanya ce bayi masu yawa suka sami 'yanci a gaban alƙalai, har zuwa 1936 lokacin da aka soke bautar baki ɗaya a Arewa. Littafin da Paul Lovejoy da Jan Hogendorn suka wallafa a 1993 ya nuna cewa cinikin mata da ƙananan yara a ɓoye, musamman don a mai da matan ƙwaraƙwarai, ya daɗe yana gudana bayan an rufe kasuwannin bayi. Duk wanda ya fahimci murgu da fansa ba zai sha wuyar gane tsarin da za a bayyana yanzu ba.

MAFARIN CINIKIN

A tsakiyar shekarun 1980 farashin man fetur ya faɗi, gwamnatin Janar Babangida ta shigo da shirin tsuke bakin aljihu a 1986, darajar naira ta karye, ma'aikata da yawa suka rasa aiki. A wannan lokaci wasu matan birnin Benin, wanda ke cikin Jihar Bendel a sa'an nan kafin a ƙirƙiro Jihar Edo a 1991, suna zuwa Italiya saro gwal da takalma da jakunkuna, wasu kuma suna aikin tsinkar tumatir a gonakin kudancin ƙasar. Daga cikinsu aka sami waɗanda suka ga cewa karuwanci a bakin titi ya fi kawo kuɗi. Da suka komo gida suka gina benaye, suka sayi motoci, unguwa ta gani. Daga nan sai suka fara ɗaukar nauyin tafiyar ƙannensu da 'ya'yan maƙwabta bisa sharaɗin a biya su daga baya. Waɗannan su ne ake kira madam.

Ya kamata a kula da wannan wuri sosai, domin a nan ne cinikin ya bambanta da abin da mutane ke zato. Ba a cika satar yarinya da ƙarfi ba. Mai zuwa da maganar yawanci 'yar'uwa ce, ko ƙawar uwa, ko abokiyar ibada, kuma sau da yawa a gaban iyaye ake yin ta. Da ɗan gari akan ci gari. Akan ce wa yarinya za ta yi aikin kitso, ko renon yara, ko jiran kanti. Akwai waɗanda suka san abin da za su je yi, amma ko su ba su san yawan bashin ba, ba su kuma san cewa babu fita ba.

RANTSUWA DA BASHI

Kafin a tashi, sai a kai yarinya wurin boka a ɗakin tsafi. A nan akan yanki farcenta da gashin jikinta, a karɓi ɗan kamfanta, wani lokaci a tsaga ta a ɗebi jini, a ƙulle su wuri ɗaya a ajiye. Sa'an nan ta rantse cewa za ta biya bashin madam, ba za ta gudu ba, ba za ta kuma faɗa wa hukuma sunan kowa ba. Idan ta saɓa, hauka ko mutuwa ta same ta, ko ta sami danginta. Wannan ƙulli da aka bari a Benin shi ne marin. Shi ya sa 'yan sandan Italiya da ma'aikatan agaji suka daɗe suna mamakin yarinyar da aka buɗe mata ƙofa amma ta ƙi fita, ko ta fita ta koma da ƙafarta.

Shi kuwa bashin, yawanci yakan kama daga Yuro 20,000 zuwa 50,000. Yarinyar da ba ta taɓa riƙe Yuro ba takan ɗauka lissafin naira ake yi mata, sai ta isa ta gane. A titunan da ake tsayar da su, irin su hanyar Domitiana kusa da Castel Volturno a arewacin Naples, abin da namiji ke biya yakan sauko har Yuro 20 ko ƙasa da haka. Lissafin ba shi da wuya. Mai bashin Yuro 30,000, idan kowane namiji ya ba ta 20, sai ta kwana da maza 1,500 kafin ta fanshi kanta. Wannan kuwa idan duk abin da ta samu ya tafi ga bashin ke nan, alhali madam tana cire kuɗin ɗaki, da na abinci, da na sutura, har da hayar gefen titin da take tsayawa, ga tara idan ta yi gardama ko ta yi ciki. Watau murgu da fansa ne aka haɗa mata a lokaci guda, da bambanci ɗaya: a da akwai alƙalin da ke shaida kuɗin fansa, yanzu kuwa madam ce mai yankawa, ita ce mai rubutawa, ita ce kuma mai ƙarawa.

Wani abin da ke raya cinikin shi ne makomar wadda ta gama biya. Ta shekara uku ko huɗu a titi, ba ta da takardar zama, ba ta da wata sana'a, gida kuma ana jiran aike. Hanya mafi sauƙi gare ta ita ce ta aika Benin a kawo mata yarinya, ita ma ta zama madam. Saboda haka sau da yawa wadda ake tuhuma a kotu yau, ita ce aka zalunta jiya.

HANYAR SAHARA

Da farko ta jirgin sama ake kai su da fasfo na jabu. Da ƙasashen Turai suka tsananta bincike, musamman kuma bayan faɗuwar gwamnatin Gaddafi a 2011, sai cinikin ya koma ƙasa, kuma a nan ne ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye. Daga Benin akan ɗauko su a mota zuwa Kano ko Sakkwato, a ƙetara da su iyaka a kan babur, a bi ta Damagaram ko Birnin Ƙonni zuwa Agadas. Daga Agadas akan loda mutum 25 ko fiye a bayan a-kori-kura, kowa ya riƙe sandar da aka kafa don kada ya faɗo, a yi kwanaki a cikin rairayi kafin a kai Sabha a kudancin Libiya. A Sabha da Tarabulus akwai gidajen da ake tsare mata a sa su karuwanci tun kafin su ga teku, wai suna biyan kuɗin motar da ta kawo su. Wadda ta tsira daga nan sai a sa ta a kwalekwalen roba a nufi Sisili.

Ɗalibin adabin Hausa ya san wannan hanya tun daga aji. A cikin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka fara bugawa a 1934, an sace yaro aka ƙetare Sahara da shi, mahaifiyarsa ta fita nemansa, ita ma aka yaudare ta aka mai da ita baiwa. Raƙumi ya koma mota, amma zangon bai sauya sosai ba. A watan Nuwamba na 2017 gidan talabijin na CNN ya nuna hoton gwanjon baƙaƙen fata a kusa da Tarabulus, abin da ya girgiza Afirka duka.

Tun daga 2017, bayan yarjejeniyar da Italiya ta ƙulla da hukumomin Libiya don tare kwalekwale, yawan matan Nijeriya masu isa Italiya ya ragu ƙwarai. Amma cinikin ya nemi wasu kasuwanni. A farkon 2019 hukumar NAPTIP ta ba da ƙiyasin cewa 'yan matan Nijeriya kusan 20,000 ne ke maƙale a Mali, yawancinsu a rumfunan da ke kewaye da mahaƙar zinariya, kuma da yawa daga cikinsu an ce musu Malesiya za a kai su.

AREWA BA HANYA KAƊAI BA CE

Mai sauraro yana iya cewa wannan matsalar mutanen Kudu ce, ƙasar Hausa ratse kawai ake yi da ita. Misalai uku sun isa su kawar da wannan zato.

Na farko shi ne al'adar wahaya a yankin Tawa ta Jumhuriyar Nijar, inda mai mata huɗu kan sayi yarinya daga zuriyar bayi ya ajiye ta a matsayin ta biyar, ba sadaki, ba ɗaurin aure. Wasu daga cikin masu sayen daga wannan gefen iyaka suke zuwa. Shari'ar Hadizatu Mani ta fito da abin fili. An sayar da ita a 1996 tana da shekara 12 a kan sefa 240,000. An ba ta takardar 'yanci a 2005, amma da ta auri wanda take so sai aka yanke mata ɗaurin wata shida wai ta yi aure a kan aure. A ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun ECOWAS, a zamanta na Yamai, ta yanke hukuncin cewa Nijar ta kasa kare ta daga bauta, ta kuma umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10.

Na biyu shi ne dillalan da ke kai mata Saudiyya da sauran ƙasashen Larabawa da sunan Umra ko aikatau. Akwai waɗanda suka dace da iyayengiji na kirki. Akwai kuma waɗanda aka karɓe musu fasfo tun daga filin jirgi, aka ɗora musu bashin biza da tikiti, aka riƙe albashinsu, har wasu aka tura su ga maza. A cikin gida ma, dillaliyar da ke kwaso yara mata daga ƙauye ta rarraba su gidajen birni, tana karɓe ladansu a ƙarshen wata, ƙaramar madam ce ko da ba ta san sunan ba.

Na uku shi ne abin da yaƙin Boko Haram ya haifar. Bayan sace ɗalibai 276 a Chibok a watan Afrilu na 2014, shugaban ƙungiyar ya fito fili ya yi barazanar sayar da su a kasuwa. A 2016 kuma ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton mata da 'yan mata 43 a sansanonin gudun hijira bakwai na Maiduguri waɗanda masu tsaro da jami'an sansani suka yi lalata da su, wasu da ƙarfi, wasu da alkawarin aure ko abinci. Inda duk yunwa ta haɗu da mai iko a kan abinci, kasuwar ta buɗe.

ABIN DA DOKA TA TANADA

Sashe na 34 na tsarin mulkin 1999 ya haramta bauta da aikin tilas. A shekarar 2000 Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da yarjejeniyar da aka fi sani da sunan Palermo, Nijeriya ta amince da ita a 2001, ta kafa hukumar NAPTIP a 2003, ta kuma sabunta dokar a 2015. Hukumar tana da ofisoshin shiyya a Kano da Sakkwato da Maiduguri. Abu mafi muhimmanci a cikin yarjejeniyar shi ne hukuncinta game da yarda: idan an yi amfani da yaudara, ko barazana, ko an ci da gumin rauninta, to, yardar mace ba ta wanke mai fatauci; idan kuwa ba ta kai shekara 18 ba, ba a ma tambayar ko an yaudare ta. Ita ma Italiya, a sashe na 18 na dokar baƙi ta 1998, ta tanadi takardar zama ga wadda ta kuɓuta daga hannun masu fatauci ta shiga shirin kariya.

A Nijar an kafa dokar hana fasa-ƙwaurin baƙin haure a 2015, aka kama direbobi da motoci a Agadas, amma sai masu tafiya suka koma hanyoyin da ba rijiya, inda mutuwa ta fi yawa. Gwamnatin soja ta soke dokar a watan Nuwamba na 2023. Darasin shi ne, kama direba ba ya kwance ƙullin da ke Benin.

Wanda ya taɓa ƙullin kansa shi ne Oba na Benin, Ewuare na Biyu. A ranar 9 ga Maris 2018 ya tara bokaye da masu tsafi a fadarsa, ya warware dukan rantsuwar da aka sa 'yan mata suka yi, ya kuma tsine wa duk wanda ya sake ba da ita. Rahotanni daga Italiya suka nuna cewa mata da dama sun daina biya bayan sun ji labarin. Masu fataucin sun nemi bokayen wasu garuruwa, sun kuma ƙara dogara da 'yan ƙungiyoyin asiri masu dukan mutane, saboda haka cinikin bai mutu ba. Duk da haka matakin ya tabbatar da cewa marin da aka ƙera da magana, da magana ake kwance shi, daga bakin wanda jama'a ke jin tsoron maganarsa.

KAMMALAWA

Idan aka ceto yarinya aka dawo da ita gida, abin da takan fara ji shi ne kwaɗayi mabuɗin wahala, ko kuwa idan ɓera da sata daddawa ma da wari. Waɗannan karin magana gaskiya ne a muhallinsu, amma a nan suna raba laifi biyu tsakanin mai saye da abin da aka saya. Aya ta 33 ta Suratun Nur ta hana tilasta wa kuyangi karuwanci don neman abin duniya, kuma malaman tafsiri sun bayyana cewa gafarar da aka ambata a ƙarshenta ta wadda aka tilasta ce. Ashe tun ƙarni goma sha huɗu da suka wuce an raba tsakanin mai tilastawa da wadda aka tilasta.

Aikin da ke gaban ma'aikaci a bayyane yake. Jami'in shige da fice a Jibiya ko Maigatari ko Illela, idan ya ga 'yan mata biyar waɗanda mutum ɗaya ke riƙe da takardunsu yana kuma amsa tambaya a madadinsu, ya kamata ya keɓe su ya ji ta bakin kowace. Ɗan sanda ko ɗan Hisba da ya kai sumame gidan mata, kafin ya rubuta laifi ya tambayi kowace: wa ke karɓar kuɗin, nawa ake bin ta, kuma tana iya tafiya yau in ta so? Amsar waɗannan tambayoyi ita ce za ta nuna ko mai laifi ce a gabansa ko mai shaida. Ma'aikacin jin daɗin jama'a kuma ya tuna cewa wadda aka mayar gidan da aka karɓi kuɗinta, ba sana'a ba jari, an mayar da ita hannun dillali ne.

Ɗaliban harshe su ma suna da nasu kason. A rediyo da jaridu ana amfani da "safarar mutane" ga abubuwa biyu mabambanta. Wanda aka biya ya ƙetarar da mutum iyaka suka rabu, fasa-ƙwauri ya yi. Wanda ya ƙetarar da ita ya ci gaba da mallakar guminta, fataucin mutane ya yi, ko da bai fitar da ita daga jiharta ba. Ana bukatar a daidaita waɗannan kalmomi, a fassara dokar 2015 da Hausar da mai unguwa da limami da uwar yarinya za su gane, a kuma kai ta tasha da kasuwa da makarantun Islamiyya, domin a can ne dillaliya ke fara sallama.

Allah ya kiyaye zuriya.